Kwana Huɗu Muna Bin Sawun Wutar Gidanmu Bayan Hadari

Hadarin ya taso ne daga gabas jim kaɗan bayan sallar isha'i, a wani daren Alhamis na makon farko na watan Yuni, kuma duk wanda ya zauna a Kano ya san halin hadarin farkon damina: iska da ƙura ne ke yin gaba, su daɗe suna jijjiga kwanuka da bishiyoyi, sannan ruwa ya biyo baya. An ɗauke wuta tun kafin ɗigon farko ya sauka, ni kuwa na yi abin da na saba, wato na zare filogin talabijin daga soket na koma ɗaki. Ban sauke babban makunnin gida ba, domin a tunanina tunda babu wuta a layi, babu abin da zai shigo ya yi ɓarna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji ƙarar kwano yana ɗagawa yana faɗuwa a saman ɗakin yara, muka kwaso su zuwa falo, muka kwana muna sauraron ruwa.

Da gari ya waye na zagaya gidan. Iska ta ɓalle kusoshin falle biyu na kwano a kusurwar ɗakin yara, silin ya jiƙe ya yi ciki kamar zai faɗo, ruwa kuma ya kwanta a tsakar gida har ya taɓa gindin injin da ke tura mana ruwa zuwa tanki. Hankalina gaba ɗaya ya tafi kan rufi, na aika a kira kafinta, ban kawo batun wayarin a raina ba ko kaɗan, alhali kuwa wayoyin fitilun gidan duka ta cikin silin ɗin nan suka bi.

An dawo da wuta ranar Juma'a bayan la'asar, kuma cikin minti ɗaya na gane cewa ba irin wutar da muka sani ba ce. Ƙwan fitilar falo ya yi wani haske fari fat mai kashe ido, fanka ta ɗauki gudu da ƙugi irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba, sannan ƙwan ya yi ƙara ya mutu. Ƙaurin roba ya taso daga wajen cajar waya da ke jikin soket. Na ruga zaure na sauke babban makunni, gidan ya yi tsit. Uwargida ta fito daga kicin tana cewa, "Maigida, ko layin nan ne ya yi ƙarfi? Ka canza mana zuwa wani mana." Maganarta ita ce abin da kowa zai fara tunani, domin layi uku ne ke shigowa gidanmu, kuma akwai makunnin zaɓen layi a gefen mita, wanda muke murɗawa idan layi ɗaya ya ɗauke ko ya yi rauni. Na ce mata ta dakata tukuna, saboda raunin wuta mun san shi, amma wutar da ke fasa ƙwai cikin minti ɗaya ba abin da za a yi ta gwaji da kayan gida ba ne.

Ni ba mai gyaran wuta ba ne, amma ina da testa da ƙaramar na'urar awon ƙarfin wuta da na saya tun lokacin da muka tare. Na bi ɗaki ɗaki na zare duk wani filogi, na sauke ƙananan birekoki, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu idan an samu matsala, gaba ɗaya, na bar ta soket ɗin falo kaɗai, sannan na ɗaga babban makunni na auna. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma idan ta sauka zuwa 200 ko ta hau zuwa 240 ba wanda zai ɗaga hankalinsa. Na'urar ta nuna mini 308. Ina tsaye ina kallo sai ta sauka 290, ta sake hawa 312, ba tare da na kunna ko na kashe komai a gidan ba. Da na zura testa a ramin soket na dama ta kawo haske kamar yadda ya kamata, amma da na zura ta a na hagu, wanda shi ne na nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, kuma bai kamata ya nuna komai ba, nan ma ta kawo haske. Na sake sauke makunnin, na ce kada kowa ya taɓa shi, na fita waje.

Fitar nan ita ce ta fi komai amfani a duk abin da na yi a ranar. Maƙwabcina na hannun dama, wani dattijo da muke kira Baba, yana ƙofar gidansa yana ƙorafin cewa wutar da aka kawo ba ta da ƙarfi, ƙwansa ja kawai yake yi kamar garwashi, fanka kuma ta ƙi juyawa sai an tura ta da sanda. Gidan da ke kallonmu su kuma talabijin ɗinsu ce ta yi hayaƙi. Gidajen da ke farkon layi, kusa da taransifoma, lafiya lau suke shan wuta. Na bi wayoyin da ido daga falwaya zuwa falwaya, a ta huɗu na ga wani babban reshen darbejiya ya karye ya rataya a kan layin, kuma daga cikin wayoyi huɗun da ke tafiya tare, ɗaya ta tsinke, bakinta yana lilo kusa da katangar wani gida, sama da kwata mai ruwa. Yara suna wucewa ta wurin zuwa makarantar allo. Ni da wasu matasa biyu muka tsaya daga nesa muna mayar da mutane, aka jawo benci da tsohuwar taya aka tare hanyar, mai unguwa kuma ya kira ofishin kamfanin rarraba wuta na yankinmu ya ba da rahoto. Wani ya kawo shawarar a sa gora a ture wayar gefe, muka hana, domin gorar da ta sha ruwan daren jiya ba kariya ba ce, ƙasar wurin ma jiƙe take.

Mai gyaran da ya saba yi mana aiki ya iso kafin magariba. Ya auna layukan uku a wajen mita, kowanne da nutiral, ya samu 310 da 270 da 140, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ba layinka ne ya lalace ba, nutiral ce ta tsinke a titi. Da ka canza layi da ka ƙara asara, ko ka ƙona da yawan wuta ko ka ƙona firiji da ƙarancinta." Bayanin da ya yi mini, wanda na daɗe ina juya shi a raina, shi ne cewa taransifoma tana fitar da wayoyi uku masu wuta da ta huɗu wadda wutar ke komawa ta cikinta. Tsakanin kowace mai wuta da nutiral akwai bolt 230, amma tsakanin masu wuta biyu akwai kimanin 400. Muddin nutiral tana haɗe da taransifoma, ita ce ke riƙe kowane gida a kan 230 ɗinsa. Idan ta tsinke, gidajen da ke bayan wurin tsinkewar sai su zama a ɗaure da juna ta guntun wayar da ya rage, suna rabon wutar layukan a tsakaninsu, rabon kuma ba daidai yake ba. Ya kwatanta shi da mangala a bayan jaki: gefen da aka loda wa kaya shi ke yin ƙasa, gefen da ba nauyi ya yi sama. Layin da gidajensa suka kunna hita da dutsen guga da injin ruwa, wutarsa ce ke faɗuwa, layin da ba a kunna komai a kansa ba sai ƙwai da caja, shi ke ɗaukar kaso mai yawa. Shi ya sa na'urata take hawa tana sauka ina tsaye, domin duk lokacin da wani a unguwa ya kunna ko ya kashe wani abu, rabon ya canza.

Abin da ya fi damuna a wannan bayani shi ne cewa babu fis ko bireka ta yau da kullum da za ta kare mutum daga irin wannan matsala, saboda su yawan wutar da kaya ke ja suke lura da shi, ba ƙarfin wutar da ke shigowa ba. Fis ɗin amfiya 13 da ke cikin filogi yana nan lafiya ƙalau yayin da cajar da ke bayansa take narkewa. Muka zagaya gidajen da ke bayan falwaya ta huɗu muna roƙon kowa ya sauke makunninsa, daga baya kuma ma'aikatan kamfanin suka zo suka cire fis ɗin ɓangarenmu a taransifoma, suka ce da safe za su haɗa wayar tunda duhu ya yi.

A daren nan na so in tayar da inji in juya gidan kansa, amma mai gyaran ya hana, kuma dalilinsa shi ne ya leƙa ɗakin yara ya ga silin. Ya ce kada wata wuta, ta layi ko ta inji, ta shiga wayarin gidan sai an duba abin da ruwa ya yi a sama. Saboda haka muka ajiye injin a fili a tsakar gida, nesa da tagogi don kada hayaƙinsa ya shiga ɗakin kwana, muka ja doguwar waya daga jikinsa kai tsaye zuwa firiji da fitila guda ɗaya. Firijin ya tashi, na yi hamdala, kuma abin da ya cece shi wata 'yar na'urar kariya ce da ke tsakaninsa da soket, wadda ke yanke wuta idan ta wuce kima, ta kuma jira 'yan mintuna kafin ta sake. Kafin ya tafi ya duba makunnin da muke juyawa tsakanin layi da inji, ya tabbatar yana yanke waya mai wuta da nutiral duka biyun. Ya gaya mini cewa abin da ma'aikatan layi suka fi tsoro a irin wannan rana shi ne gidan da ke zura wutar inji ta soket ba tare da raba gidan da layin titi ba, domin wutar kan koma baya ta hau falwaya ta sami mutum yana riƙe da wayar da yake ganin a kashe take.

Ranar Asabar da hantsi aka sare reshen, aka haɗa wayar, aka mayar da fis. Mai gyaran ya auna a wajen mita ya samu 228 da 231 da 226, testa kuma ta daina haske a nutiral. Na ɗauka an gama. Na ɗaga babban makunni, sai babbar birekar da ke cikin akwati, wadda masu gyara ke kira ELCB, ta faɗi nan take. Na ɗaga ta, ta sake faɗuwa.

Aikin wannan bireka daban yake da na sauran. Tana gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutiral, idan ta ga an samu giɓi, wato wani ɓangare ya zurare ta wata hanya zuwa ƙasa, sai ta yanke. Tamu an rubuta miliamfiya 30 a jikinta, kuma wannan ɗan ƙaramin adadi an zaɓe shi ne saboda jikin ɗan Adam, domin hanyar da wutar ke zurarewa tana iya zama mutum ne mai jiƙaƙƙen hannu. Baba, da ya shigo yi mana barka ya tarar muna tsaye gaban akwatin, ya ce da kyakkyawar niyya, "Ɗana, wannan abin fitina ne kawai, ni tuni na sa aka tsallake nawa, tun daga ranar ban sake kwana a duhu ba." Na ba shi haƙuri cikin ladabi na ce zan bari a gano dalili tukuna. Na san gidaje da yawa da aka yi haka, kamar yadda na san waɗanda ake ɗaure fis da zaren waya mai kauri don kada ya sake tsinkewa, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ta fi hadarin kansa hatsari, domin birekar da ke faɗuwa ita kaɗai ce a gidan take faɗin gaskiyar abin da ke faruwa a cikin bango da silin.

Hanyar da muka bi mai sauƙi ce, sai dai tana son haƙuri. Muka sauke ƙananan birekoki takwas ɗin duka, muka tabbatar babu filogi ko ɗaya a soket, muka ɗaga babbar, ta tsaya. Sai muka shiga ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya, muna jira kaɗan tsakanin kowace biyu. Ta soket ɗin falo ta tsaya, ta kicin ta tsaya, ta fitilun gaba ta tsaya, da muka zo kan ta biyar, mai amfiya 10, babbar ta faɗi. Babu rubutu a jikin ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka sai da muka bi gida muna kunna makunnai kafin muka tabbatar cewa ta biyar ɗin ita ce ke ba fitilu da fankokin ɗakin yara da banɗakin baya. A nan take na sa ɗana babba ya kawo takarda mai manne da biro, muka rubuta wa kowace bireka sunan inda take kaiwa.

Sai dai ko da muka bar ta biyar a sauke, bayan kamar minti goma, da uwargida ta jona tukunyar dafa ruwa a kicin, babbar ta sake faɗuwa, har na fara zargin tukunyar. Mai gyaran ya ce in bar tukunya, ba ta da laifi. Ƙaramar bireka waya mai wuta kaɗai take yankewa, nutiral ɗin wannan ɓangare tana nan haɗe da ta sauran gidan, kuma idan ruwa ya haɗa ta da wayar atin, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa, a wani wuri, duk lokacin da aka ɗora kaya mai jan wuta a ko'ina, wani ɓangaren wutar da ke dawowa zai bi ta wurin ya zurare. Ya sauke komai, ya kwance nutiral ɗin ɓangare na biyar daga sandar da aka jera su a kai, ya naɗe bakinta da tef, muka sake gwadawa, tukunya ta tafasa ruwanta babu abin da ya faɗi. Da ni kaɗai ne, da na jefar da tukunya mai lafiya na bar ainihin ciwon a sama.

Kafinta ya gama mayar da kwanon da azahar, sannan mai gyaran ya hau silin, bayan ya sauke babban makunni ya kuma sa ni tsayawa a gabansa don kada wani ya ɗaga bisa rashin sani. Na hau tsani na leƙa ta ƙofar silin ina haska masa tocila. A daidai inda kwanon ya ɗaga akwai akwatin haɗin wayoyi na roba wanda ba shi da murfi, ruwa ya cika shi ya kwanta, ya yi launin ƙasa da ƙurar shekaru. A cikinsa an murɗe wayoyi ne kawai an naɗe da baƙin tef, tef ɗin ya saki ya zame, jan ƙarfen ya yi kore, kuma a gefe ɗaya robar akwatin ta narke ta yi baƙi, alamar wuta ta yi tartsatsi a wurin a cikin mintin nan na ranar Juma'a. Tazarar da ke tsakanin wurin da katakon rufi ba ta kai tsawon yatsa ba, kuma a ƙarƙashinsa kai tsaye gadon ƙananan yarana biyu yake. Na daɗe a kan tsanin nan ban ce komai ba.

Ya yanke bakin wayoyin har inda jan ƙarfen ya fito da haskensa, ya haɗa su da mahaɗi mai kusoshin murɗawa a cikin sabon akwati mai murfi, ya ɗaure akwatin a jikin katako sama da silin. Ya kwance mariƙin ƙwai da kan fankar ɗakin, ya zazzage ruwan da ke ciki, muka shanya su a rana. Sannan ya fito da na'urar gwajin rufin waya, wadda ke tura bolt 500 a cikin wayar da ba ta da wuta don a ga ko robar da ke jikinta tana riƙewa, bayan an cire duk ƙwai da fanka daga layin. Ya ce abin da ake nema kada ya gaza megaom 1. Gwajin farko bai kai ba, saboda akwai sauran danshi a cikin bututun da wayar ta bi zuwa makunnin bango, don haka muka bar ɓangaren a cire, yara suka sake kwana a falo. Washegari Lahadi da yamma, bayan rana ta gasa kwanon yini guda, ya sake gwadawa, adadin ya haura sosai, ya mayar da nutiral, ya ɗaga bireka ta biyar, ta tsaya.

Matsala ta uku ita ce mafi shiru, kuma uwargida ce ta gano ta. Da safiyar Lahadin nan, lokacin da na kunna injin ruwa a karon farko tun bayan hadarin, ta taɓa kan famfon tsakar gida ba takalmi a ƙafarta, ta janye hannu da sauri ta ce, "Maigida, famfon nan yana ja." Na kashe injin, na sa testa a jikin bututun ƙarfen babu komai, na kunna, testa ta kawo ɗan haske. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babbar birekar ba ta faɗi ba. Da mai gyaran ya zo ya ce ba abin mamaki ba ne, domin fatar mutum tana jin wutar da ba ta wuce miliamfiya 1 ba, birekar kuwa ba ta motsi sai yoyon ya kai tsakanin 15 da 30. Ya buɗe ɗan akwatin da ke saman injin inda wayoyi ke shiga, ya tarar da laka da danshi, wato ta nan wutar ke taɓa jikin ƙarfen. Amma ya ce wannan rabin amsa ce, domin da atin ɗin gidan yana aiki, ɗan yoyon nan zai bi wayar atin ya shige ƙasa, ba zai jira hannun mutum ba.

Muka bi wayar atin daga akwatin birekoki, ta sauka ta jikin bango a bayan gida zuwa inda aka binne sandar. Ruwan da ya kwaranyo daga indararo ya zaizaye ƙasar wurin, ya tono kan sandar, kuma wayar ba ta ma haɗe da ita. Maƙalar da ta riƙe su ta ci tsatsa ta rududduge, bakin wayar yana zaune a sama da tazarar ɗan yatsa. Daga yanayin tsatsar, wannan ba aikin daren Alhamis ba ne, ya daɗe a haka, hadarin tona asirinsa kawai ya yi. Ma'ana mun yi watanni, wataƙila shekaru, ramin sama na kowane soket a gidan, wanda shi ne na atin, ba ya kaiwa ko'ina.

Ranar Litinin na shiga Sabon Gari na sayo sabuwar sandar atin mai rufin jan ƙarfe da maƙalarta ta tagulla, da waya mai kauri mai launin kore da rawaya, da kafasitar fanka, da na'urar kariya ta gida gaba ɗaya. Aka haƙa rami a wurin da ruwan indararo ba ya zuba kai tsaye amma ƙasarsa tana riƙe sanyi, aka kafa sandar, aka zuba gawayi da gishiri kamar yadda masu aikin nan suka saba don ƙasar ta riƙe danshi ta kuma karɓi wuta. Mai gyaran da kansa ya faɗa mini cewa gishirin nan yana cin ƙarfe a hankali, saboda haka na sa aka gina ɗan ƙaramin akwatin siminti mai murfi a kan mahaɗin, yadda zan iya buɗewa in gani da idona ba sai an yi tono ba. An busar da akwatin injin ruwa, an sauya robar bakinsa, an ɗaga injin a kan bulo biyu, an yi masa 'yar rumfar kwano. Da aka kunna, testa ba ta nuna komai a jikin famfo ba, kuma da ya danna maɓallin gwaji da ke jikin babbar birekar, ta faɗi nan take kamar yadda ake so.

Na'urar kariyar an ɗaura ta ne bayan babban makunni, tana nuna ƙarfin wuta da jajayen lambobi, kuma mun saita ta ta yanke idan wuta ta haura 250 ko ta gaza 170, sannan ta jira minti uku kafin ta mayar. Mun sassauta iyakar ƙasa ne saboda da yamma wutar unguwarmu kan yi rauni, kuma idan aka matse ta da yawa za mu yini tana yankewa. Mai gyaran ya ja kunnena cewa wannan na'ura maganin irin abin da ya faru ranar Juma'a ce, amma ba ta da saurin da za ta tare aradu, wadda ke shigowa ta wuce cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ma ta wayar tauraron ɗan Adam ba ta wayar wuta ba. A kan wannan ne na gane abin da ya kashe dikodarmu. Na zare filoginta tare da na talabijin a daren Alhamis, ba ta kuma ga wutar Juma'a ba, amma ta ƙi tashi, kuma mai gyaran rediyo ya nuna mini ƙuna a daidai inda wayar farantin tauraron ɗan Adam ke shiga, wadda ita ce ban kwance ba.

Asarar da muka ƙirga ita ce ƙwai uku, caja biyu, dikoda, da kafasitar fankar falo, wadda aka sauya fankar ta koma gudunta. Baba kuwa firijinsa ne ya ƙone, saboda ya bar shi yana ƙugi a kan wutar 140 har kusan magariba, kuma bayan ya hau tsanina ya ga tsohon akwatin da ya narke, wanda na ajiye, ya kira mai gyaran nan ya mayar masa da birekar da aka tsallake. Mai unguwa ya tara mu aka yi karo-karo, aka nemi ma'aikatan kamfanin su kashe layi na rabin yini, aka sassabe rassan darbejiyar da ke saman wayoyi daga falwaya ta biyu har ta shida.

Kwana tara bayan haka wani hadarin ya sake haɗowa da la'asar. Tun iska tana kaɗa ƙura na sauke babban makunni da ƙananan birekoki, na kwance wayar faranti, na zare firiji da injin ruwa. Da safe na hau tsani na haska cikin silin na ga ko'ina a bushe, na buɗe murfin simintin na ga maƙalar tana nan daram, na leƙa titi na ƙirga wayoyi huɗu a kan kowace falwaya har zuwa taransifoma. Da aka kawo wuta wajen ƙarfe tara, na ɗaga babban makunni, jajayen lambobin suka nuna 227, na jira minti ukun suka cika, sannan na ɗaga birekokin ɗaya bayan ɗaya ina karanta rubutun ɗana a jikin kowace, har na kai ta takwas, na fita tsakar gida na kunna injin ruwa.